Sauya katin hoton kwamfuta: Lissafin wutar da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi

A garin Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, da sauran garuruwan Kudancin Kaduna irin su Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, kwamfutar tebur ta zama jarin da matasa da dama ke cin abinci da shi. Akwai masu tace bidiyon bukukuwan aure da tarukan coci da na masallatai, akwai masu tsara fastoci da kalanda, akwai kuma ɗaliban zanen gine-gine na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, waɗanda manhajojin darussansu ke buƙatar na'ura mai ƙarfi. Duk lokacin da aiki ya fara yi wa kwamfuta nauyi, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce ya sauya katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa zane da bidiyo kafin su bayyana a kan allo.

Shawarar tana kan hanya, sai dai ba ta cika ba. A yawancin kwamfutocin aiki na yau, katin hoto ne ya fi kowane ɓangare shan wuta, kuma ba daga bango yake shan ta kai tsaye ba. Akwai akwatin ƙarfe da ke bayan kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ne yake karɓar wutar bango ya sarrafa ta, sannan ya raba wa kowane ɓangare rabonsa. Idan wannan akwati ya gaza, kuɗin da aka zuba a kati mai tsada na iya tashi a banza, wani lokaci ma har da babban allon kwamfutar da ayyukan jama'a da ke ajiye a ciki. Saboda haka, kafin a aika kuɗi Legas ko Abuja ko Kano, akwai lissafin da ya wajaba a zauna a yi.

Tsohon darasi daga Bayan Loco

Kafanchan ba baƙuwa ba ce ga matsalar kwamfuta da wuta. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take da cibiya a unguwar Bayan Loco, tana cikin ƙungiyoyin farko da suka kai koyar da kwamfuta yankunan karkara a Najeriya, har aikin nata ya samu lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka a 2001. Abin da gidauniyar ta ci karo da shi tun farko shi ne yadda kwamfutocin hannu da ake kawowa daga ƙasashen waje ba sa daɗewa, saboda abubuwa uku: zafi, ƙura da rashin tsayayyar wuta. Wannan ne ya sa ta shiga aikin gwajin wata kwamfuta mai suna Solo tare da wani kamfanin Birtaniya, wadda aka tsara ta yi aiki da wutar da ba ta kai wat 10 ba, ta yadda hasken rana zai iya ɗaukar ta.

Shekaru sun shuɗe, na'urori sun sauya, amma waɗannan abokan gaba uku suna nan. Bambancin kawai shi ne, a yau matashi na iya ɗaura wa kwamfutarsa katin da shi kaɗai yake shan wutar da ta ninka ta Solo fiye da sau goma sha biyar.

Aikin akwatin wuta

Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya, bisa ƙa'ida, mai kai-da-kawo ce mai ƙarfin bolt 230. Kayan cikin kwamfuta kuwa miƙaƙƙiyar wuta mai ƙarancin ƙarfi suke so. Aikin akwatin wuta shi ne ya mayar da ta farko zuwa ta biyu, ya fitar da ita ta layuka uku: na bolt 3.3, na bolt 5, da na bolt 12. Katin hoto da firosesa, wato manyan masu cin wuta biyu, kusan duk abin da suke sha daga layin bolt 12 yake fitowa.

Nan ne ake yi wa mai saye wayo. Babban adadin da ake bugawa a jikin kwali, kamar wat 500 ko 650, ba shi ne abin dubawa na farko ba. A gefen kowane akwati akwai takarda mai ɗauke da jadawali. A nemi gurbin da aka rubuta 12V, a duba adadin amfiya da ke ƙarƙashinsa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan aka ninka bolt da amfiya, sai a samu wat. Akwatin da aka rubuta masa amfiya 18 a layin bolt 12, wat 216 kacal yake iya ba kati da firosesa, ko da kuwa an buga 500 da manyan haruffa a jikinsa. Ingantaccen akwati na zamani mai wat 550 kuwa yakan ba da amfiya 45 ko kusa da haka a wannan layi, wato wat 540. Dukansu biyu ana iya ganinsu a kanta ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya a aiki.

Nawa kowane kati ke sha

Kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar katin hoto, musamman Nvidia da AMD na Amurka, suna bayyana adadi biyu ga kowane samfuri: wutar da katin kansa ke sha idan yana cikin aiki sosai, da girman akwatin wutar da suke ba da shawarar a haɗa shi da shi. Adadi na biyu ya ƙunshi kwamfutar gaba ɗaya.

A rukunin ƙananan katuna, GT 1030 yana shan wat 30, RX 6400 yana shan 53, sannan GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna shan 75, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 300 ga waɗannan biyun na ƙarshe. A matsakaicin rukuni, GTX 1660 Super yana shan wat 125 da shawarar akwati mai 450. RX 6600 yana shan 132. RTX 3060 yana shan 170 da shawarar 550. Shi kuwa RX 580, wanda ya cika kasuwar kayan hannu, yana shan 185 da shawarar 500. A rukunin manya, RTX 3080 yana shan wat 320 da shawarar 750, RTX 4090 yana shan 450 da shawarar 850, sai RTX 5090 da ya fito a farkon 2025, wanda ke shan 575 da shawarar akwati mai wat 1,000.

Wani abin lura a cikin waɗannan alƙaluma shi ne, sabon kati ba lallai ne ya fi tsoho shan wuta ba. RTX 4060 ya fi RTX 3060 sauri a yawancin ayyuka, amma wat 115 yake sha. Ya kuma fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali yana shan wutar da ta gaza tasa da wat 70. Ga wanda ke aiki da janareta ko batir, wannan tazara kuɗi ce da ake kashewa kullum.

Hanyoyin da wuta ke bi zuwa kati

Girman akwati kaɗai bai wadatar ba, dole ne ya kasance yana da wayoyin da suka dace. Dogon ramin da ake soka kati a cikinsa a kan babban allo, wanda ake kira PCIe, yana ba da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Shi ya sa akasarin katunan da ba su haura wannan adadi ba suke aiki ba tare da ƙarin waya ba. Duk katin da ya wuce haka yana da baki ɗaya ko fiye a gefensa: mai fil 6 yana ƙara wat 75, mai fil 8 yana ƙara wat 150. Kati mai baki ɗaya na fil 8 ke nan zai iya samun wat 225 idan aka haɗa da na rami.

Idan akwatin wuta ba shi da irin wannan waya, wannan kansa saƙo ne daga masu ƙera shi cewa ba a yi shi don wannan nauyi ba. Amma a kasuwa akwai ƙananan wayoyin haɗi masu araha da ke mayar da filogin SATA, wanda aka yi domin ma'ajiyar bayanai, zuwa bakin kati. Filogin SATA wat 54 aka ƙayyade masa a layin bolt 12. Tilasta masa ɗaukar 75 ko 150 yana sa shi zafi har robarsa ta narke, kuma daga nan gobara ke tashi. Araha dai ba ta ado.

Ga katin da ke da baki biyu kuma yake shan fiye da wat 225, ya fi aminci a ja wa kowane baki wayarsa daban daga akwati, a maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Haka kuma a kula da bambancin filogin fil 8 na firosesa da na kati. Sun yi kama a ido, amma tsarin wayoyinsu ya saɓa, kuma duk wanda ya ƙi shiga cikin sauƙi kada a danna shi da ƙarfi. Akwatunan da ake iya cire wayoyinsu ma suna da nasu tarkon: wayar wani kamfani na iya shiga bakin akwatin wani kamfani daram, amma jerin filolinta daban ne, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙona kati da ma'ajiya a lokaci guda. Duk wanda ya sauya akwati, ya sauya har da wayoyinsa.

Manyan katunan Nvidia na baya-bayan nan suna amfani da sabon baki mai fil 16, wanda ke iya ɗaukar har wat 600. Jim kaɗan bayan fitowar RTX 4090 a Oktoban 2022, an samu rahotannin narkewar wannan baki, kuma kamfanin ya bayyana cewa rashin soka filogin har ƙarshe ne ke yawan jawo hakan. Daga baya aka gyara tsarin bakin aka fitar da wanda ake kira 12V-2x6. Mai irin wannan kati ya tabbatar filogin ya shige gaba ɗaya har ya kama, kuma kada ya lanƙwasa wayar dab da bakin.

Yadda ake lissafi

A ɗauka mai tace bidiyo a Kafanchan yana da firosesa Core i5-12400, yana kuma son ɗaura RTX 3060. Kamfanin Intel ya rubuta wa wannan firosesa wat 65 a aikin yau da kullum, amma tana iya haurawa zuwa 117 idan aiki ya yi tsanani, kuma da babban adadin ake lissafi. Katin yana shan 170. Babban allo, ƙwaƙwalwar wucin gadi, ma'ajiya da fankoki a ware musu kimanin 60. Jimla ta kama wat 347.

Ba a sayen akwati daidai da wannan jimla. Dalili na farko shi ne, katunan zamani sukan zabura su ja wuta fiye da adadinsu na ɗan ƙanƙanin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma akwatin da ba shi da sarari sai ya ɗauka matsala ce ya kashe kansa. Saboda wannan ne ma ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Dalili na biyu, akwati yana raguwa da ƙarfi yayin da yake tsufa da kuma lokacin zafi. Don haka ana ƙara kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a kan jimla. Wat 347 da ƙarin kashi 40 ya kama kusan 486, wanda ke nuna cewa ingantaccen akwati mai wat 550 ya wadatar, daidai da shawarar Nvidia. Sayen mai wat 1,000 ga irin wannan kwamfuta ba zai cutar ba, domin na'ura abin da take buƙata kawai take ja, amma kashe kuɗi ne da ba shi da amfani. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kwamfutocin ofis na hannu

Yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan garuruwanmu tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko, amma an ƙera su ne domin rubutu da lissafi. Akwatunan wutarsu galibi tsakanin wat 180 zuwa 300 suke, kuma ba su da wayar kati. Idan aka ɗauki mai akwatin wat 255 da tsohuwar firosesa Core i5-4570 mai shan wat 84, aka ƙara kati mai 75 da sauran kaya masu kimanin 45, jimla ta kai 204, wato an kusa cika mudu. Idan kuwa RTX 3060 aka ɗaura, jimlar ta kusa 300, ta wuce ƙarfin akwatin.

Sauya akwatin ma ba koyaushe yake da sauƙi ba. Da yawa daga cikin waɗannan samfura ba sa amfani da babban filogi mai fil 24 da aka saba da shi, suna da nasu na musamman mai fil 6 ko 8 ko makamancin haka, kuma siffar akwatin ta kan bambanta da ta kasuwa. Ƙananan cikinsu, masu siririn jiki, gajeren kati kawai suke ɗauka, wasu ma masu ƙera su sun taƙaita wutar ramin ƙasa da wat 75. Mai irin wannan kwamfuta yana da zaɓi biyu: ko ya tsaya kan ƙaramin kati marar ƙarin waya, ko ya haƙura ya tara kuɗin haɗa sabuwar kwamfuta a babban gida.

Akwai kuma ɗan jan makunni da ke bayan wasu tsofaffin akwatuna, mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Kwamfutar da ta fito daga Amurka na iya isowa yana kan 115, kuma soka ta a wutar Najeriya a haka yana ƙona akwatin nan take. A duba shi kafin a kunna.

Ta fuskar dacewa da rami, abin ya zo da sauƙi, domin sabon kati yana aiki a tsohon ramin PCIe, sai dai saurinsa na iya ɗan raguwa. Raguwar ta fi fitowa a katuna irin su RX 6400 da RX 6500 XT, masu layukan sadarwa huɗu kacal. Wasu sababbin katuna kuma ba sa tashi a kan tsohon babban allon da ba shi da tsarin UEFI. Sannan a auna tsawon gidan kwamfuta da ma'auni, domin akwai katunan da suka haura santimita 30.

Daga bango zuwa akwati

Shawarar kamfanonin ƙetare an gina ta ne a kan tsayayyar wuta, abin da ba kowa ke da shi ba a nan. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara, kuma Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Duk wanda ba ya rukunin farko, wani kaso na aikinsa a kan janareta ko inbata zai yi shi. Ko na rukunin farkon ma bai tsira ba, kamar yadda aka gani a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa akasarin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki.

Idan wuta ta zo ba ƙarfi, akwatin yana ƙara jan amfiya domin ya cike giɓi. Nauyin wat 400 a kan bolt 230 amfiya 1.7 ne, amma a kan bolt 160 ya zama 2.5, kuma ƙarin zafi ke nan ga kayan ciki. Akwatin da aka rubuta masa 100 zuwa 240 a gurbin wutar shiga ya fi jure wannan yanayi fiye da wanda aka rubuta masa 200 zuwa 240. Inda wutar ke yawan hawa da sauka, sitabilaiza mai ƙarfin da ya haura nauyin kwamfutar tana da amfani.

Na'urar UPS, wadda ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna idan an ɗauke wuta, da VA ake auna ta, kuma VA ba wat ba ne. Ƙaramar nan mai VA 650 da ta fi yawa a kasuwa, wat 360 zuwa 390 take iya ɗauka. Kwamfutar misalinmu mai jimlar 347 tana jan kusan wat 400 daga bango idan aka lissafa asarar da ke cikin akwati, ga kuma allon kallo. Mai VA 650 za ta yi ƙara ta mutu a daidai lokacin da ake buƙatarta. Mai VA 1,000 zuwa 1,500 ce ta dace. Bugu da ƙari, ingantattun akwatunan zamani sun fi jituwa da UPS da inbata masu fitar da wuta mai santsi irin ta layin gwamnati. Masu araha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle na iya sa wasu akwatunan yin ƙara ko mutuwa a lokacin sauyi.

Ƙaramin janaretan nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai, duk da lambar 950 da ke jikinsa, abin da yake iya riƙewa bai cika wuce wat 650 ba, kuma wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ga masu sola, lissafin batir ya fi fito da gaskiyar lamarin. Batir mai bolt 12 da ƙarfin amfiya-awa 200 yana ajiye wat-awa 2,400. Idan na ruwa ne, rabi kawai ake so a sha domin ya daɗe, kuma bayan asarar inbata abin da ya rage bai fi wat-awa 1,000 ba. Kwamfuta mai jan wat 400 za ta cinye shi a awa biyu da rabi, mai jan 250 kuwa za ta kai awa huɗu.

Tambarin inganci da kuɗin wata

Babu akwatin da ke miƙa duk wutar da ya karɓa, wani kaso yana zama zafi. Tsarin tantancewa na 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana auna wannan. A gwajin bolt 115, idan akwati yana ɗauke da rabin nauyinsa, mai darajar tagulla yana miƙa aƙalla kashi 85 cikin ɗari, mai darajar zinare kashi 90, kuma a kan bolt 230 sukan ɗan fi haka.

Idan kwamfuta na buƙatar wat 300, akwati mai miƙa kashi 90 zai ja 333 daga bango, mai miƙa kashi 70 kuwa zai ja 429. Tazarar wat 96 ce. A aikin awa 8 kullum na kwana 26, ta kama kusan yunit 20 a wata. A kan farashin naira 209.5 na kowane yunit da aka sanya wa rukunin A a Yulin 2024, wannan ya haura naira 4,000 duk wata, kuma a kan fetur ya fi haka. Sai dai tambarin yana auna tattalin wuta ne kawai, bai tabbatar da ƙarko ba, kuma ana buga na jabu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatin ya fito daga sanannen kamfani, yana da garanti a rubuce, yana kuma da matakan kariya daga hawan wuta, wuce nauyi, haɗuwar waya da zafi. Waɗannan ne ke sa akwati ya kashe kansa ya tsirar da kati idan abu ya ɓaci.

Zafi, ƙura da tsawa

Masana lantarki suna da wata ƙa'ida game da kafasito, ƙananan gwangwanayen da ke ajiye wuta a cikin akwati: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage tsawon ransu da rabi. Ingantattun akwatuna ana gwada cikakken ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50, marasa inganci kuwa a yanayi mai sanyi. A watannin Maris da Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, bambancin yakan bayyana.

Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ragar iska, don haka a riƙa ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a kuma hure ta lokaci-lokaci bayan an zare ta daga wuta. Amma kada wanda ba gwani ba ya kwance murfin akwatin wuta, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. Da damina kuma, Kudancin Kaduna yanki ne mai yawan ruwa da tsawa. Na'urar kare kaya daga hawan wuta ba ta cika aikinta sai gidan yana da wayar ƙasa ta gaske, kuma idan hadari ya taso da walƙiya, zare filogi daga bango ya fi kowace na'ura.

Katin hannu da alamomin gazawa

A ranar 15 ga Satumban 2022, tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙar da ake yi da katin hoto, lamarin da ya sa ɗimbin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Irin su kan isa kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano. Ba dukansu ne marasa kyau ba, amma wajibi ne a gwada kati da aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa a gaban mai saye, a duba bakin wutarsa ko akwai alamar ƙuna, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da sharaɗin mayarwa. Akwatin wuta kuwa, shi ne ɓangaren da bai kamata a saya na hannu ba in da hali, domin ba a ganin tsufansa daga waje.

Idan bayan ɗaura sabon kati kwamfuta tana aiki lafiya a rubutu, amma ta mutu farat ɗaya ko ta sake tashi da kanta da zarar an fara fitar da bidiyo, akwatin wuta ne abin zargi na farko. Idan layuka da ɗigo-ɗigo masu launi ne ke fitowa a allo, an fi zargin katin kansa. Idan kuwa aka ji ƙauri, a zare filogi nan take, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya duba.

Tsarin da ya fi tsare dukiya shi ne a fara daga bango a ƙare a kati. A san irin wutar da ake da ita da awannin da take zuwa, a karanta takardar gefen akwati, a ƙirga wayoyinsa, a auna gidan kwamfuta, a haɗa jimlar wat a ƙara mata sarari, sannan a zaɓi katin da waɗannan duka za su iya ɗauka. Idan lissafi ya nuna sai an sauya akwati ko UPS, a sanya kuɗinsu cikin kasafi tun farko, ko da hakan zai sa a sauko zuwa katin da bai kai wanda aka yi niyya ba.